Mai Makullin Ruwa

Shekarun da na yi ina karatu a ƙasar waje, ban taɓa tsayawa a kan magana ɗaya ba game da tsohon Shugabanmu. Idan baƙo ya kira shi azzalumi a gabana, sai in ji raina ya ɓaci, in shiga jero masa asibitoci da hanyoyi da makarantu. Idan kuma ɗan ƙasarmu ya kira shi gwarzo, sai in tuna masa da mutanen da aka ɗauka a mota ba su dawo ba. Na karanta masu yabonsa, na karanta masu zaginsa, kowane littafi na rufe ina ganin ya faɗi gaskiya, har sai na buɗe na gaba. Ina ƙaramin yaro ya mutu, don haka duk abin da na sani a kansa ji ne, ba gani ba. Da na dawo gida sai na tarar ashe gardamar da nake yi da baƙi a ɗakin karatu tana nan zaune a cikin danginmu, ta tsufa har ta yi furfura, tsakanin yayan mahaifina da ƙanwarsu.

Baffa, yayan mahaifina, a hukumar ruwa ya yi aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya. Ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa samun tebur a ofis ba. A ƙarƙashin titunan garinmu akwai ramuka masu murfin ƙarfe, waɗanda mutane ke takawa kullum ba su san amfaninsu ba. A cikin kowane rami akwai bawul, abin da ke buɗe wa unguwa ruwa ko ya rufe mata. Baffa ne mai zagaya su. Kayan aikinsa sandar ƙarfe ce da ta kusa kai shi tsawo, da baki a ƙasa, da mariƙi a gicciye a sama. Yakan ɗaure ta a jikin kekensa, ta leƙo gaba ta leƙo baya, masu tafiya a ƙasa suna kaucewa. Ita ce makulli, shi ya sa har gobe ba mai kiransa da sunan yanka, sai Mai Makulli.

Yana son aikin, yana kuma son ba da labarinsa. Ya ce ba a rufe bawul da garaje. Ruwan da ke gudu a bututu kamar taron jama'a ne a bakin ƙofa. In ka datse shi farat ɗaya, na baya zai danno na gaba, bututu ya fashe. Sai a hankali, kana murɗawa kana tsayawa, kana ɗora kunne a kan mariƙin kana sauraro. Ƙarfe yana kawo kukan ruwa har kunne, kuma da kukan ake gane ko bawul ya rufu ruf ko da saura. Har yanzu, da tsufansa, in ya zo wucewa ta kan ɗaya daga cikin murafan nan yakan rage tafiya, ya ɗan karkata kai, kamar wanda ya ji an kira shi daga nesa.

A falonsa, sama da rediyo, akwai hoto guda a cikin firam, fari da baƙi, gefensa ya fara ja. An ɗauke shi ranar da aka buɗe famfo na farko a garin. Kafin ranar, rijiya ake sha da kogi. Kakarmu, mahaifiyar su Baffa, da tulu a ka ta raine su. Ta ɗauki ruwa har gashin tsakiyar kanta ya ƙare. Ranar buɗewar, Shugaba ya zo da kansa. Da aka miƙa masa kwanon da zai tari ruwan farko, sai ya ce ba shi ya kamata ya tara ba, a nemo masa macen da ta fi kowa daɗewa tana ɗaukar ruwa. Mata suka turo kakarmu gaba, tana turjewa. To, abin da hoton ya kama ke nan: tsohuwa riƙe da kwano, Shugaba ya tallafi hannunta da nasa daga ƙasa, ruwa na zuba, ta buɗe baki tana dariya. Can baya, a tsakanin kafaɗunsu, ga wani siririn saurayi da sandar ƙarfe, ya ƙame kamar soja. Baffa ke nan. Shi ya murɗa bawul ɗin da ya sako ruwan. Kakarmu ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu, kuma ba ta bar wani hoto a duniya ba sai wannan.

"Ka san abin da Maigida ya ce mata?" Baffa ya tambaye ni, kwanakin farko da dawowata. Maigida yake ce wa Shugaban, kamar jiya suka rabu. "Ya ce, 'Uwa, daga yau kin sauke tulu.' Da kunnena na ji."

"Ya sani," in ji Inna, matarsa, daga ƙofar kicin. "Kajin gidan nan ma sun sani. Bature, ka ga gilashin hoton nan? Kullum sai an goge shi da hannun riga. Ni kuwa ko toka na shafa a fuska cewa zai yi na yi kyau, don bai duba ba."

Bature take kirana tun da na dawo, wai don na tambayi ko an tace ruwan randa.

"Ke me kika sani a wahalar rijiya?" in ji Baffa. "A zamanin famfo aka kawo ki."

"Ƙwarai kuwa. Na auri mai ruwa, famfon gidansa ne ƙarshen gyara a garin nan."

Ya yi murmushi, ya ɗaga kai ya dubi hoton, kamar yana neman shaida.

Gwaggo ita ce autarsu, Baffa ma Auta yake ce mata. Ta auri ma'aikacin masaƙa, suka zauna a unguwar ma'aikata, wadda aka gina a jikin tudu. Layuka suna hawa ɗaya bisa ɗaya, gidan Gwaggo yana layin ƙarshe can sama, inda in ka tsaya a ƙofa kana hango rufin masaƙar. Unguwar ta samu famfo kamar kowa. Da famfo ya zo, mutane suka saki rijiyoyi. Wasu aka cike su da ƙasa don kada yara su faɗa, wasu suka zama wurin zuba shara. Ba wanda ya ga laifin haka. Wa zai ajiye guga alhali ruwa na zuwa har tsakar gida?

Bayan wasu shekaru ma'aikatan masaƙa suka shiga yajin aiki. Abin ya bazu zuwa wasu ma'aikatu, aka fara kiran sunan Shugaba a kan titi ba da ladabi ba. Jagororin yajin suka ɓuya a unguwar tudu. Sojoji suka kewaye ta, ba shiga ba fita, sannan umarni ya iso hukumar ruwa: a rufe wa unguwar ruwa har sai ta miƙa mutanen. Bawul ɗin unguwar yana gindin tudu, a bakin titi. Da rana tsaka aka kawo Baffa a motar soja, shi da makullinsa. Mutanen unguwa suna tsaye a bayan shinge suna kallo, ya ɗaga murfi, ya zura ƙarfe, ya murɗa. Ba a ɓoye aka yi ba. Gwaggo ma tana cikin masu kallon, da 'yarta goye a baya.

Lokacin zafi ne. Da randuna suka ƙafe, matan layukan sama suka koma ga wata tsohuwar rijiya a bayan makaranta, suka kwashe sharar da za su iya kwashewa, suka ɗebi abin da ke ƙasa. Gawayi da itace ma sun yanke, ba kowa ke da abin tafasawa ba. Amai da gudawa suka shiga yara. 'Yar Gwaggo, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana cikin waɗanda suka tafi. Da asuba ta cika. Da hantsin ranar jagororin suka fito suka miƙa kansu, aka sake kawo Baffa ya buɗe bawul. Da ruwan famfo aka yi wa yarinyar wanka.

Tun daga ranar Gwaggo ba ta sake taka gidan Baffa ba. Ba ta yi faɗa da shi ba, ba ta zage shi ba. In sun haɗu a gidan rasuwa ko a asibiti takan ce, "Yaya, ina wuni," ya amsa, shi ke nan. Mahaifina ya yi iya ƙoƙarinsa har ya koma ga Allah bai haɗa su ba. Inna ce kaɗai ke hawa tudun lokaci lokaci, ta je ta dawo ba ta ce uffan ba. Shi kuwa Baffa bai sake hawa ba. Bawul ɗin gindin tudu ma roƙo ya yi aka ba wani abokin aikinsa.

Ban daɗe da dawowa ba ciwo ya kama Gwaggo, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Mijinta ya rasu tuni, ɗa guda da ta haifa daga baya yana aiki a wata ƙasa. Da aka sallame ta daga asibiti ta koma ɗakinta na kan tudu, wata maƙwabciya tana leƙa ta safe da yamma. Likita ya ce zama ita kaɗai ba nata ba ne yanzu. Baffa bai yi shawara da kowa ba. Ya kwashe tarkacen da ke ɗakin da ke jikin nasa, ya yi masa fenti, ya sa aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Shi da kansa ya ja bututu, ya sa ƙaramin famfo a ƙofar ɗakin, daidai tsayin mutumin da ke zaune a kujera. Da ya gama, sai ya aike ni.

Na same ta a kan tabarma, ta jingina da bango, tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya. Ciwon ya ɗan karkata mata baki, amma bai rage mata kaifin harshe ba.

"An aiko ɗan boko," ta ce. "Zauna. Wato da Turanci za a lallashe ni?"

Na isar da saƙo: ɗaki, fenti, ƙarfen banɗaki, famfo.

"Famfo," ta maimaita. "Ai nan gwani ne." Ta saki ɗankwalin. "Mutuminku yana nan a bango?"

Na ce yana nan.

"To ka ce wa Yaya na gode, Allah ya saka. Amma ba zan kwana rufi ɗaya da mutumin nan ba."

Na ce, Gwaggo, ai hoto ne kawai, takarda ce a bayan gilashi. Kuma Baffa yana cewa ba Shugaban ne ya ba da umarnin ba, na kusa da shi ne suka yi ba da saninsa ba.

"Haka yake cewa?" Ta dube ni kamar tana auna ko in isa a yi magana da ni. "Ranar buɗewa da ƙafarsa ya zo, da masu hoto a bayansa. Ranar rufewa ce ba shi ba? Ɗana, kafin mutumin nan kowane layi da rijiyarsa. Wahala ce, ban ce ba wahala ba ce, ni ma na ja guga har tafina ya yi kanta. Amma babu mahaluƙin da zai zauna a ofis ya ce yau rijiya ta daina. Shi ya ba mu ruwa, ya riƙe bakin a hannunsa. Mu muna ta tafi, ba mu duba wa ke riƙe da bakin ba."

Na kawo wa Baffa amsar kamar yadda aka ba ni. Yana zaune a ƙarƙashin hoton, rediyo na magana a hankali. Ya kashe ta.

"Ba zan cire uwata daga bango ba," ya ce.

"Uwarka ce ba za ka cire ba, ko Maigida?" in ji Inna. Wannan karon ba wasa a muryarta.

Ya tashi ya fita tsakar gida. Na bi shi, na same shi a bakin ɗakin da ya gyara, yana buɗe sabon famfon yana rufewa, ko da yake ba abin da ya same shi. Da ya yi magana, bai dube ni ba.

"Kai da ka yi karatu, gaya mini. In Maigida azzalumi ne, ni mene ne? Shi fa bai taɓa riƙe makulli ba."

A ranar na fara gane cewa hoton nan ba ado ba ne. Muddin mutumin da ke cikinsa mai adalci ne, to akwai wani dalili, ko da Baffa bai san shi ba, da ya sa aka kai shi gindin tudu a motar soja. In aka sauke hoton, dalilin ya tafi, sai shi kaɗai da ƙarfensa a bakin titi.

Na yi ta tunanin mafita, har na samo wata da nake ganin ta isa. Akwai shagon mai hoto a bakin kasuwa da ke iya goge mutum daga hoto da kwamfuta, ya cike gurbinsa kamar ba a taɓa yin sa ba. Sai a fitar da Shugaban, a bar kakarmu da kwanonta da ɗanta a baya. Kowa ya samu nasa.

Baffa ya saurare ni har na gama. "A goge shi? To hannun wa zai tallafi nata? Kwanon a iska zai tsaya? Abin da ya faru ke nan, ɗana. Ba zan rataye ƙarya a falona ba."

Gwaggo kuwa dariya ta yi, har sai da tari ya sarƙe ta. "A goge shi ya huta? A'a. A bar shi a ciki, ai yana wurin. Ni ba zamansa a hoton ne ya dame ni ba. Shafa shi da ake yi kullum da hannun riga, shi ne. Kana tsammanin Inna ba ta ba ni labari?"

Wannan ne kaɗai abin da na ji sun yarda a kai su biyun: cewa shawarata ba ta da kai.

Damina ta shigo. Wata safiya maƙwabciyar ta kira ni a waya. Gwaggo ta zame a banɗaki tun da sassafe, ta fasa goshi, ta kasa tashi, tana nan kwance a kan siminti cikin sanyi har rana ta ɗaga kafin aka gan ta. An ɗaga ta, an ɗaure ciwon, amma maƙwabciyar ta ce ita tsoro take ji, wata rana gawa za ta tarar. A gidan Baffa nake lokacin da wayar ta shigo, ya kuma ji komai. Sannan ya ce, "Bature, je ka tada mota. Ina zuwa."

Ruwa ya cinye hanyar layukan sama, dole muka bar motar a gindin tudu, kusa da wani murfin ƙarfe da ya yi tsatsa a bakin titi. Baffa ya kewaye shi bai taka ba. Muka kama hawa a ƙasa, yana tafiya yana hutawa, yana dafa bangon gidajen mutane. Tsofaffin unguwa da ke zaune a ƙofofi suka bi shi da kallo. Wasu sun gane shi, wani ma ya ɗaga masa hannu. Da muka kai wajen rabin tudun, a wani layi mai gidaje masu shuɗayen ƙofofi, ya tsaya ya dubi ƙasa.

"Nan ya tsaya," ya ce.

Na ce wa? Shi dai ya ci gaba da hawa.

Gwaggo tana kan gado, an naɗe mata goshi da bandeji. Da ta ga wanda ya shigo, ta yi ƙoƙarin gyara zama.

"Yaya."

"Auta. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Suka yi gaisuwa mai tsawo, irin ta mutanen da ke tsoron abin da zai biyo bayanta. Na miƙe zan ba su wuri, ta ce, "Zauna, ai kai ne mai son tarihi."

Baffa ya cire hularsa yana juya ta a hannu. "Na zo in tafi da ke."

"Na ba da amsa."

"Na ji amsar." Ya daina juya hular. "Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don kada ya zama kamar ina wanke kaina. Ranar nan, ban rufe shi duka ba. Na bar saura. Sojan da ke tsaye a kaina bai san kukan ruwa ba."

"Na sani," ta ce.

Ya ɗago kai.

"Duk unguwa ta sani. Layukan ƙasa famfonsu na ɗiga dare da rana, suna tara kwano. Har layin shuɗayen ƙofofi yana ɗiga, daga nan ya tsaya. Suna ta sa maka albarka a ɓoye, wasu har yau. Mu na sama muka sauka roƙo, abin da ke ɗiga bai ishi masu shi ba, balle mu." Ta numfasa. "Yaya, kai ka koya mini cewa ruwa ba ya hawa tudu sai da ƙarfi a bayansa. Ka san inda ɗakina yake, kai ka kawo ni cikinsa. Da ka rufe duka, da na ce an sa shi ne ya yi, ba shi da zaɓi. Amma ka auna. Ka auna, awonka bai kawo kaina ba."

Ruwa na ta ɗiga daga indararo a waje. Baffa ya ajiye hular a gwiwarsa.

"Akwai agogo a ofis da ke nuna ƙarfin ruwan kowace unguwa," ya ce. "In na ƙara buɗewa, allurarsa za ta tona ni. Na tsaya da kunnena a kan ƙarfen, na san inda zai kai, na san inda ba zai kai ba. Ina ganin ki a bayan shingen. Na ce a raina gobe za a buɗe, ko jibi, randarki za ta riƙe ki." Ya dubi ƙanwarsa. "Tsoro na ji, Auta. Ina da yara ƙanana, kuma na ga waɗanda aka ɗauka. Tsoron Maigida na ji."

Ban taɓa jin ya haɗa sunan nan da tsoro a magana ɗaya ba.

"Shi ke nan abin da nake jira," in ji Gwaggo a hankali. "Shekara da shekaru kana gaya wa duniya mutumin kirki ne, uban talakawa. Ni kuma ina cewa, to in haka ne, Yayana da son ransa ya yi. Mutumin kirki ake jin tsoronsa haka?"

"Ban sani ba."

"Gara da ka ce ba ka sani ba." Ta goge ido da bakin zanenta. "Kana tuna 'yata ma kuwa?"

"In na jingine keke a ƙofar nan, sai ta rarrafo ta kama feda tana juyawa. Ki yi ta faɗa za ta ɓata hannu da baƙin mai."

Gwaggo ta rufe fuska da hannunta mai lafiya. Baffa ya sunkuyar da kai. Ni na dubi taga, na bar su. Da ta sauke hannun, ta ja hanci, ta nuna mini ƙarƙashin gado da haɓa.

"Bature, jawo mini akwatin can. A hankali, ba irin na ƙasarku ba ne mai taya."

Samarin layin suka sauko da ita a kan kujera har mota. Da muka iso gida, Inna tana tsaye a ƙofa, ta rungume ta tana cewa, "Sai yau, sai yau, mai taurin kai." Aka zaunar da Gwaggo a falo. Inna ta kawo ruwa a kofi, Gwaggo ta karɓa, ta dube shi, ta sha. Sai a lokacin na lura da bangon. Sama da rediyo babu komai sai ƙusa, da wani murabba'i da fentinsa ya fi na sauran bangon haske. Ashe abin da Baffa ya tsaya yi ke nan lokacin da ya tura ni tada mota, tun bai san amsar da zai samu a kan tudu ba.

Gwaggo ma ta ga ƙusar. Ta daɗe tana kallonta.

"Ina uwata?" ta ce.

Baffa ya shiga ɗakinsa, ya ɗauko hoton daga saman kabad, naɗe cikin tawul. Ya warware ya ɗora mata a cinya. Da hannu ɗaya ta riƙe firam ɗin, babban yatsanta ya sauka a kan fuskar Shugaban. Ban sani ba ko da gangan ne, ko nan ne kawai inda hannu ke kamawa. Ta kusanto da shi ga idonta. Rabonta da fuskar uwarta tun kafin a haife ni.

"Ashe haƙorinta na gaba ɗaya babu," ta ce. "Wallahi na manta. Dubi yadda take dariya, ko kunyar giɓin ba ta ji." Ta matsa ido can baya. "Wannan ƙashin da rai kuma Yaya ne? Inna, me kika gani?"

"Makullin na gani," in ji Inna. "Na ɗauka na gidan kuɗi ne."

Hoton bai koma falo ba. A ɗakin Gwaggo yake yanzu, jingine a kan taga, labule ya rufe rabinsa, ɓangaren da Shugaban yake. Ba wanda ya tambaye ta ko ita ta ja labulen, ba kuma mai goge gilashin sai ita. Ba zan ce komai ya warke ba. Akwai ranakun da take wuni ba ta ce wa Baffa komai ba bayan gaisuwa, shi kuma ya zauna a tsakar gida yana kwance tsohon famfo yana ɗaurawa. Amma in za ta banɗaki, kafaɗarsa take dafawa.

Wata rana da la'asar na same shi a nan tsakar gidan, da sifana a hannu. Na zauna kusa da shi, na yi masa tambayar da na yi ta yawo da ita tun daga ƙasar waje.

"Baffa, yanzu in an ce maka gwarzo ne ko azzalumi, me za ka ce?"

Ya ajiye sifanar, ya goge hannu a gwiwa.

"Da a da ka tambaye ni, kafin ka rufe baki na ba ka amsa. Yanzu ba ni da ita. Uwata ta yi dariya saboda shi, 'yar ƙanwata ta mutu saboda shi, duka biyun kuma da hannun nan aka yi. Har yau ina sa shi a addu'a, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai a da cewa nake Allah ya saka masa da alheri. Yanzu cewa nake Allah ya gafarta mana, ni da shi." Ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin Gwaggo, ya rage murya. "Kuma a hankali nake faɗa. Bangon nan ba shi da kauri."